Babi na Shida: Juli Zeh, Tsakanin Kotu, Alƙalami da Intanet

Juli Zeh marubuciya ce Bajamushiya, masaniyar shari'a, kuma tana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a ƙasarta kan haƙƙin ɗan Adam a zamanin kwamfuta da intanet. An haife ta a Bonn ranar 30 ga Yuni, 1974, lokacin da birnin yake fadar gwamnatin Jamus ta Yamma. Mahaifinta, Wolfgang Zeh, masanin shari'a ne da ya yi aiki a majalisar dokokin tarayya har ya kai ga shugabancin ma'aikatanta. Littattafanta na ƙagaggun labarai suna cikin waɗanda aka fi saya a Jamus. Ta taɓa ƙalubalantar dokar fasfo a kotun tsarin mulki ta tarayya, kuma tun 2019 ita kanta alƙaliya ce a kotun tsarin mulkin jihar Brandenburg.

Tambaya ɗaya ce ta haɗa waɗannan ayyuka: me hukuma take da ikon sani game da mutumin da bai yi laifin komai ba? Wannan tambaya tana da wuyar kai wa gaban alƙali, domin cutar da sa ido yake yi ba ta barin tabo. Wanda aka daka yana da raunin da zai nuna, amma wanda aka kwashi bayanan wayarsa sau da yawa bai ma san an yi ba. Zeh ta shafe shekaru tana neman hanyar fito da wannan cuta fili. Ta bi ta kotu, ta bi ta labari, ta bi ta gangami, kuma kowace hanya da irin abin da ta haifar.

Ƙasar da ta ɗanɗana ɗacin sa ido

Jamusawa sun ga mulkin 'yan leƙen asiri sau biyu a ƙarni na 20. Na farko a zamanin Nazi, daga 1933 zuwa 1945, lokacin da aka yi amfani da rajistar jama'a wajen gano Yahudawa, har ƙidayar 1939 ta tambayi mutane asalin kakanninsu. Na biyu a Jamus ta Gabas, inda ma'aikatar tsaron ƙasa da ake kira Stasi take da ma'aikata kimanin 91,000 a 1989, ban da masu kai mata rahoto a ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 16 da 'yan kai ba. Masu kai rahoton nan maƙwabta ne da abokan aiki, wani lokaci ma miji ko mata. Da gwamnatin ta rushe, an tarar da takardun da in an jera su za su kai tsawon kilomita 111.

Saboda abin da ya faru a zamanin Nazi ne kundin tsarin mulkin 1949 ya fara da mutuncin ɗan Adam a sashensa na farko. A 1983 gwamnatin Jamus ta Yamma ta shirya ƙidayar jama'a, mutane suka yi ca, aka garzaya kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe. Kotun ta dakatar da ƙidayar, sannan ranar 15 ga Disamba, 1983, ta yanke hukuncin da har yau shi ne ginshiƙin dokokin kare bayanai a ƙasar: kowane mutum yana da haƙƙin yanke shawara da kansa kan bayyana bayanansa da yadda za a yi amfani da su. Dalilin da alƙalan suka bayar shi ne, wanda bai san abin da aka sani game da shi ba zai riƙa ɗari-ɗari, zai guji halartar taro ko shiga ƙungiya don kada a rubuta sunansa, kuma wannan ɗari-ɗari illa ce ga al'umma gaba ɗaya. Ba a yi ƙidayar ba sai 1987, bayan an gyara dokar.

Tsarin shari'ar Jamus ya ba kowane mutum damar kai kuka kai tsaye ga wannan kotu idan yana ganin hukuma ta tauye masa haƙƙi. Dubban ƙararraki ne suke isa Karlsruhe kowace shekara, amma kimanin biyu cikin ɗari kawai suke yin nasara.

Karatu biyu a Leipzig

Zeh ta fara karatun shari'a a Passau, sannan a tsakiyar shekarun 1990 ta koma Leipzig, a tsohuwar Jamus ta Gabas. A wannan birni ne mutane kimanin 70,000 suka fito zanga-zanga ranar 9 ga Oktoba, 1989, kuma a watan Disamba na shekarar suka mamaye ofishin Stasi don hana a lalata takardu. Ta zauna ke nan cikin mutanen da wasunsu suka karanta fayil ɗinsu da idonsu, suka ga sunan wanda yake kai ƙararsu.

Ta haɗa karatu biyu a lokaci guda. A ɓangaren shari'a ta ci jarrabawar gwamnati ta farko a 1998, ta biyu a 2003, wadda take ba mutum damar zama lauya ko alƙali, kuma ta mai da hankali kan dokokin Turai da na ƙasa da ƙasa. Ta yi aikin koyon sana'a a Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. A ɓangaren rubutu ta halarci cibiyar koyar da adabi ta Leipzig daga 1996 zuwa 2000. A 2010 ta sami digirin digirgir a jami'ar Saarland da bincike kan dokokin da hukumomin riƙon ƙwarya na ƙasa da ƙasa suke kafawa a wurare irin su Kosovo da Bosniya. Matsalar da ke cikin wannan bincike ita ce ta hukumar da take mulkar mutane da niyyar alheri alhali ba su zaɓe ta ba, kuma da wuya su kai ta ƙara.

Littafinta na farko, Adler und Engel, wato Gaggafa da Mala'iku, ya fito a 2001. Labarin wani matashin lauya ne, Max, ƙwararre a dokokin ƙasa da ƙasa, wanda ya gano cewa aikinsa na ofis yana da alaƙa da fataucin ƙwayoyi da ta'asar yaƙin yankin Balkan. Littafin ya ci lambar yabon littattafai ta Jamus a 2002, aka fassara shi zuwa harsuna fiye da 30. A shekarar 2001 ta zaga Bosniya, ta rubuta labarin tafiyar. A 2004 ta fitar da Spieltrieb, kan ɗalibai biyu a wata makarantar Bonn da suka ɗana wa malaminsu tarko suna yi masa barazana, har maganar ta kai gaban wata alƙaliya da ta rasa ma'aunin da za ta auna su da shi. Tun daga farko, kotu da iyakar abin da doka take iya gani su ne jigon labaranta.

Ƙarar zanen yatsa

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta gindaya wa ƙasashen da 'yan ƙasarsu suke shiga ba tare da biza ba sharaɗin fasfo mai ɗauke da bayanan jiki. Tarayyar Turai ta kafa doka a kan haka a ƙarshen 2004. Daga Nuwamba 2005 fasfon Jamus ya fara ɗaukar ɗan guntun na'ura mai hoton fuska, daga Nuwamba 2007 kuma aka ƙara zanen yatsu biyu.

A farkon 2008 Zeh da lauya Frank Selbmann suka shigar da ƙara a Karlsruhe. A ganinta, ɗaukar zanen yatsa abu ne da aka san 'yan sanda suna yi wa wanda ake tuhuma, don haka wajabta shi ga duk mai son tafiya ya mai da kowane ɗan ƙasa abin zargi tun bai aikata komai ba. Akwai kuma matsalar tsaro. A watan Maris na wannan shekarar ƙungiyar masana kwamfuta ta Chaos Computer Club ta ɗauki zanen yatsan ministan cikin gida, Wolfgang Schäuble, daga kofin da ya sha ruwa a wani taro, ta buga shi a mujallarta tare da 'yar leda da kowa zai iya mannawa a yatsarsa. Lambar sirri idan an sace ta ana sauya wata, amma yatsa ba ta sauyuwa.

Ƙarar ta yi kusan shekara biyar a kotu, daga ƙarshe alƙalai suka ƙi karɓar ta, bisa dalilin cewa ba a kafa hujjojin yadda doka ta tanada ba. A Oktoba 2013 kotun Tarayyar Turai, a wata ƙara daban da ta taso daga birnin Bochum, ta ce ɗaukar zanen yatsa ya taɓa haƙƙin sirri, amma ya halatta don hana jabun fasfo, kuma dokar ba ta ba da izinin tara zanen a rumbu guda ba. A wannan fage Zeh ba ta yi nasara ba. Kotu tana neman mai ƙara ya nuna takamaiman yadda doka ta cutar da shi, alhali abin da Zeh take tsoro shi ne inda hanyar za ta ɓulle nan da shekara ashirin ko hamsin.

Corpus Delicti

Abin da ƙara ba ta iya ɗauka ba, labari ya ɗauka. Corpus Delicti ya fara a matsayin wasan kwaikwayo da aka nuna a bikin Ruhrtriennale a 2007, sannan ya fito a matsayin littafi a 2009. An gina labarin a Jamus ta tsakiyar ƙarni na 21, ƙarƙashin wani tsari da ake kira Methode, wato Hanya, wanda ya ɗauki lafiyar jiki a matsayin manufar ƙasa mafi girma. An kawar da cututtuka. A madadin haka kowane mutum yana da guntun na'ura a damtsensa, masai yana auna abin da ya fita daga cikinsa, keken motsa jiki da ke ɗakinsa yana lissafa kilomitocin da ake bin sa, kuma wajibi ne ya miƙa rahoton barcinsa da abincinsa. Shan taba laifi ne. Aure ma sai an duba ko garkuwar jikin mutum biyun ta dace.

Jarumar labarin, Mia Holl, masaniyar kimiyyar halittu ce da ta yarda da tsarin. Sai aka kama ɗan'uwanta Moritz da laifin fyaɗe da kisa, bisa shaidar gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Ya yi ta cewa bai aikata ba, babu mai saurare, domin a ƙarƙashin Hanya gwaji ba ya kuskure. Ya rataye kansa a kurkuku. Baƙin ciki ya sa Mia ta daina miƙa rahoto, ta daina hawa keke, aka fara kiran ta kotu kan ƙananan laifuka. A cikin shari'ar ne lauyanta, Rosentreter, ya fito da abin da aka manta: Moritz ya yi sankarar jini yana yaro, aka yi masa dashen ɓargo, don haka jininsa yana ɗauke da ƙwayoyin halittar wanda ya ba shi ɓargon. Wancan mutumin ne mai laifin. Gwajin bai yi ƙarya ba, fassarar da aka yi masa ce ta kashe marar laifi.

Tsarin da ya kafa halaccinsa a kan rashin kuskure ba zai iya amsa kuskure ba. Ɗan jarida Heinrich Kramer, kakakin Hanya, ya jagoranci ƙulla wa Mia sharrin ta'addanci. Aka azabtar da ita, ita kuma ta sa allura ta tono na'urar daga damtsenta. Aka yanke mata hukuncin daskarewa, amma a minti na ƙarshe aka yi mata afuwa don kada ta zama gwarzuwar da jama'a za su taru a bayanta, aka tura ta gidan gyaran tunani.

Ƙarfin littafin yana cikin cewa masu mulkinsa ba azzalumai ne masu kishin jini ba. Lafiya suke so wa mutane, kuma hujjarsu tana da ma'ana a kowane mataki. Mai karatu yana ganin yadda ƙananan matakai masu kyakkyawar niyya suke taruwa su zama kurkuku. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, kuma jihohin Jamus da yawa sun sa shi cikin littattafan jarrabawar kammala sakandare.

Amsa ga masu cewa ba su da abin ɓoyewa

A shekarar 2009 ɗin dai Zeh da marubuci Ilija Trojanow suka fitar da Angriff auf die Freiheit, wato Farmaki kan 'Yanci. Trojanow haifaffen Bulgeriya ne, iyayensa sun gudu da shi daga mulkin kwaminisanci a 1971, ya girma a Kenya. Littafin ba labari ba ne, muhawara ce kan dokokin tsaron da aka yi ta kafawa bayan 2001: kyamarori a tituna, binciken kwamfutar mutum daga nesa, da dokar da ta tilasta wa kamfanonin waya adana bayanan wanda ya kira wa, yaushe, daga ina, har tsawon wata shida.

Babbar hujjar da suka tunkara ita ce wadda aka fi ji a bakin jama'a, cewa mai gaskiya ba shi da abin tsoro, marar gaskiya ne ko a ruwa yake gumi. Amsarsu tana da rassa. Mutum ba shi ne yake yanke abin da za a ɗauka abin zargi ba, mai riƙe da bayanan ne. Bayanan da aka tara yau suna nan ko gwamnati ta sauya gobe. Sannan a ƙasa mai bin doka, hukuma ce take kawo dalilin shiga rayuwar mutum, ba mutum ne yake kawo dalilin neman rufin asirinsa ba. A wannan karo kotu ta tsaya inda suka tsaya. Mutum fiye da 34,000 sun haɗu sun kai ƙarar dokar adana bayanan waya, kuma ranar 2 ga Maris, 2010, kotun Karlsruhe ta soke ta, ta umarci a goge abin da aka tara.

Shekarar Snowden

A Yuni 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA da takwararta ta Birtaniya suke kwasar bayanan waya da intanet na miliyoyin mutane. A watan Yuli Zeh ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabar gwamnati Angela Merkel, aka buga a jaridar Frankfurter Allgemeine Zeitung, tana neman a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da hukumomin Jamus suka sani da matakin da za a ɗauka. A watan Agusta shugaban ma'aikatan fadar gwamnati, Ronald Pofalla, ya ce magana ta ƙare. A watan Satumba, ana gab da zaɓe, Zeh da wasu marubuta suka taka zuwa fadar gwamnati a Berlin ɗauke da akwatunan sa hannun mutum fiye da 67,000 masu goyon bayan wasiƙar. Ba su sami amsa ba. A ƙarshen watan aka hana Trojanow hawa jirgi daga birnin Salvador na Barazil zuwa Amurka, inda zai je taron masana, ba tare da an faɗa masa dalili ba. A watan Oktoba labari ya fito cewa wayar Merkel kanta tana cikin waɗanda aka sa wa ido.

Daga nan Zeh da Trojanow da wasu marubuta biyar, ciki har da Eva Menasse da Janne Teller da Priya Basil, suka faɗaɗa kiran zuwa duniya. Ranar 10 ga Disamba, 2013, ranar haƙƙin ɗan Adam ta duniya, jaridu kusan 30 suka buga sanarwar da marubuta 562 daga ƙasashe fiye da 80 suka sa wa hannu. Biyar daga cikinsu sun ci kyautar Nobel: Günter Grass, Elfriede Jelinek, Orhan Pamuk, J. M. Coetzee da Tomas Tranströmer. Sun nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar da yarjejeniyar haƙƙoƙin mutum a intanet. Kwana takwas bayan haka babban zauren Majalisar ya amince da ƙudurin da Jamus da Barazil suka riga suka gabatar kan haƙƙin sirri a zamanin intanet, wanda ya ce haƙƙin da mutum yake da shi a zahiri yana da shi a intanet. Ƙuduri ne da ba ya tilasta wa kowa, amma shi ne karo na farko da zauren ya yi magana a kan batun kai tsaye.

Daga hukuma zuwa kamfanoni

Bayan 2013 hankalin Zeh ya ƙara karkata ga kamfanoni irin su Google da Facebook, waɗanda mutane suke miƙa wa bayanansu da hannunsu. Tana cikin mutum 27 da suka tsara daftarin haƙƙoƙin mutum a zamanin intanet na Tarayyar Turai, wanda aka fitar a ƙarshen 2016, tare da Martin Schulz, shugaban majalisar Turai a lokacin. Daftarin ya nemi haƙƙoƙin su hau kan manyan kamfanoni kamar yadda suka hau kan gwamnati. Lauyoyi da dama sun soke shi, musamman kan cewa wasu sassansa za su iya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. An gyara shi a 2018, amma bai zama doka ba.

Littafinta Leere Herzen, wato Zukata Wayam, na 2017, ya kai wannan damuwa cikin labari. Britta da abokin sana'arta Babak suna da wata manhaja da take tace intanet tana zaƙulo masu tunanin kashe kansu, su kuma suna sayar da waɗanda suka dage ga ƙungiyoyin da suke neman 'yan ƙunar baƙin wake. A nan ba gwamnati ce take leƙe ba, 'yan kasuwa biyu ne da kwamfuta, cikin al'ummar da ta daina damuwa da siyasa.

Kujerar alƙali

Tun 2007 Zeh take zaune a wani ƙauye a yankin Havelland na jihar Brandenburg, kuma rayuwar karkara ce ta ba ta littattafanta da suka fi kasuwa, Unterleuten na 2016 da Über Menschen na 2021. Ta shiga jam'iyyar SPD a 2017. A Disamba 2018 majalisar jihar ta zaɓe ta alƙaliya a kotun tsarin mulkin jihar da ke Potsdam, aka rantsar da ita a Janairu 2019. Kotun tana da alƙalai tara, wa'adinsu shekara goma, kuma aikin ba na cikakken lokaci ba ne, don haka ta ci gaba da rubutu.

Annobar korona ta 2020 ta dawo da Corpus Delicti bakin mutane. Zeh ta soki yadda aka dogara da tsoratarwa da hukunci wajen kulle jama'a, ta nemi a auna kowane mataki a ga ko ya yi daidai da girman haɗarin, kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Wasu sun yaba mata, wasu sun ce ta raina cutar da take kashe mutane. A shekarar ta fitar da littafin tambaya da amsa kan Corpus Delicti, inda ta yi bayanin tushen labarin da manufarsa.

Batutuwan da ta yi gwagwarmaya a kansu sun rabu biyu wajen sakamako. Ta fuskar bayanan waya, kotun Tarayyar Turai ta soke umarnin Tarayyar na adana su a 2014, kuma a 2022 ta ce sabuwar dokar da Jamus ta sake kafawa ta saɓa wa dokokin Turai. Babbar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayu 2018, da tara mai nauyi a kan kamfanonin da suka karya ta. Ta fuskar zanen yatsa kuwa, abin gaba ya yi: daga Agusta 2021 ya zama wajibi har a katin shaidar ɗan ƙasa na Jamus, kuma a 2024 kotun Turai ta ce wajabcin bai saɓa wa haƙƙin sirri ba. Waɗannan hukunce-hukunce aikin dubban masu ƙara ne da lauyoyi da ƙungiyoyi. Gudummawar Zeh ta musamman ita ce ta fitar da muhawarar daga hannun ƙwararru ta kai ta shafukan jaridu, dandalin wasan kwaikwayo da azuzuwan sakandare, inda ɗalibai suke rubuta jarrabawa a kan shari'ar Mia Holl.